Yadda Ake Warware Ishara da Hoto a Gajeren Labari

Gajeren labari ba shi da fili. Gasar Hikayata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara shirya wa mata marubuta a 2016, kalma 1,000 zuwa 1,500 take nema, kuma yawancin gajerun labaran da ke yawo a Facebook da WhatsApp ba su fi haka ba. Wanda aka ƙuntata wa wuri irin haka dole ya nemi dabara. Wani lokaci yakan jingina labarinsa da wani tsohon labari da ya tabbata mai karatu ya sani, ya taɓo shi da kalma biyu ya wuce. Wannan ita ce ishara. Wani lokacin kuma yakan ɗauki abin da ido ke gani ko hanci ke shaƙa, ya ɗora masa nauyin maganar da bai furta ba. Wannan shi ne hoto.

Inda masu sharhi suka fi tsayawa, musamman ɗalibai a ɗakin jarrabawa, shi ne a ce "nan marubucin ya yi ishara ga ƙissar Annabi Yusuf", sai a ɗiga aya a wuce. To gane inda aka ɗauko abu somin taɓi ne. Ma'anar tana wurin da sabon labarin ya saɓa wa tsohon, kuma can ne wannan jagora zai fi daɗewa.

Don kada mu yi ta magana a iska, ga ɗan labari da na tsara musamman saboda wannan darasi:

"Tun da Alhaji ya sa wa famfon burtsatse kwaɗo, ba a buɗe shi sai ranar Juma'a. Mata kan jera bokitai tun asuba, layi ya miƙe har bakin masallaci ya lanƙwaso. Inna Hajo ba ta shiga layi. Idanunta sun yi hazo tun shekarar da 'ya'yan kishiyarta suka dawo daga ci-rani ba tare da Sani ba, suka miƙa mata rigarsa a leda, suka ce mota ce ta bar shi a bayan Agadas. Ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta dai shinshina rigar, ta ce, 'Wa ya wanke ta?' Babu wanda ya tanka.

Ran nan da dare wani baƙo ya sauka a zaurenta, ya nemi ruwa. Ta ce, 'Ɗan nan, ai yau Talata.' Ya tambayi inda famfon yake. Can tsakar dare aka ji ƙarar ƙarfe. Gari na wayewa sai ga kwaɗon yashe a ƙasa, ruwa na kwarara, yara na tsalle a taɓo. Kafin azahar Alhaji ya aiko a kira masa baƙon. Da la'asar aka ga ya fito daga gidan sanye da sabuwar shadda, mabuɗi na reto a wuyansa.

Juma'ar da ta zagayo, layin ya fi na da tsawo. Inna Hajo ta ciro rigar daga ƙasan adaka, ta kai hanci. Ƙamshin sabulu kawai ta ji."

Mataki na farko: karanta sau biyu

Karatun farko na sanin abin da ya faru ne kawai. Idan ka gama, faɗi labarin cikin jimla biyu ko uku ba tare da wani ado ba: mai kuɗi ya kulle ruwan gari, baƙo ya fasa makullin, mai kuɗin ya saye shi, wata tsohuwa kuma tana jiran ɗan da ba ta yarda ya mutu ba. Wanda ya tsallake wannan ya ruga neman ɓoyayyar ma'ana yakan gina sharhinsa a kan abin da bai faru ba.

Karatu na biyu da biro a hannu ake yin sa. Abu biyu kake farauta: abin da aka maimaita, da abin da labarin zai iya tafiya ba tare da shi ba amma aka sa shi. A nan riga ta zo sau biyu, shinshinawa sau biyu, layi sau biyu, Juma'a sau biyu. Sannan ka tambayi kanka, me ya sa Juma'a, ba Lahadi ko ranar kasuwa ba? Me ya sa baƙon ya sauka gidan tsohuwa, kuma da dare? Me ya sa waɗanda suka kawo rigar 'yan uba ne? Marubuci mai kalma 1,500 a aljihu ba ya kashe goma a banza. Ja layi a ƙarƙashin kowanne, kada ka fassara komai tukuna.

Mataki na biyu: da wace gaɓa aka zana hoton

Wannan gajeren aiki ne, amma yana biya. A gefen kowane hoto rubuta ido, kunne, hanci, harshe ko fata. Za ka ga duk abin da ya shafi gari da ido aka nuna shi: bokitai, taɓo, shadda, mabuɗi. Duk abin da ya shafi Inna Hajo kuwa da hanci ne. Shi kuma babban aikin da aka yi a labarin, fasa kwaɗo, ba mu gan shi ba, ƙararsa kawai muka ji. Haka ma abin da aka tattauna a gidan Alhaji, sakamakonsa muka gani. Ke nan mai ba da labarin ya tsayar da mu inda talakawan garin suke tsaye, a waje, muna ganin shiga da fita.

Mataki na uku: bi ishara har gidanta

Rumbun da marubucin Hausa ke ɗiba ba su da yawa, kuma sanin su na rage wahala. Akwai Alƙur'ani da ƙissoshin annabawa, inda haƙuri ke kira Annabi Ayuba, dukiya da girman kai su kira Ƙaruna, dogon barci ya kira Ashabul Kahfi. Akwai tarihi da tarihihi, tun daga Barbushe a kan Dala, da Amina ta Zazzau, zuwa hijirar Shehu Usmanu daga Degel zuwa Gudu a 1804, da faɗuwar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Akwai tatsuniya da karin magana, kuma Bahaushe ya saba faɗin rabin karin magana ya bar maka rabi. Marubuci yakan wuce nan ma, ya sa tauraro ya aikata karin maganar ba tare da an ambace ta ba. Sai kuma abubuwan zamani da jama'a suka riƙe, kamar dalar gyaɗa, ko farin 1973, ko kuɗin Udoji.

Idan ka yi zargin ishara, kada ka dogara da abin da ka tuna sama-sama. Koma ka karanta tushen, ko ka tambayi wanda ya sani, ka jero shi daki-daki.

Ɗauki ishara ta farko a ɗan labarinmu. A tarihihin Daura, maciji mai suna Sarki ya tare rijiyar Kusugu, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Bayajidda ya iso da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa da ake kira Ayana, ya nemi ruwa, ta ce masa babu sai Juma'a. Ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijin. Da safe labari ya kai ga Sarauniya Daurama, ƙarshe ya aure ta, aka haifi Bawo, wanda ake danganta sarakunan Hausa Bakwai da zuriyarsa. Yanzu dubi ɗan labarinmu: ruwan da aka hana sai Juma'a, baƙo da dare, gidan tsohuwa, neman ruwa, aikin tsakar dare, kira daga mai iko da safe. Alama shida, kuma a jere yadda suke a tushen.

Wannan lissafin yana da amfani, don shi ne hujjarka. Alama ɗaya tana iya zama dace. Rijiya kaɗai a labari ba ta isa a ce Kusugu ba, kowane ƙauye da rijiyarsa. Ni ma'aunina shi ne alama uku masu tafiya tare, ko kuma guda ɗaya wadda ba ta da wani gida sai can, kamar a ambaci sunan Kusugu ƙarara.

Ta biyu tana cikin Suratu Yusuf, sura ta 12. 'Yan uba sun fita da ƙaninsu sun dawo babu shi, sun kawo wa mahaifinsu rigarsa da jinin ƙarya, a aya ta 18. Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, bai gaskata su ba. Masu tafsiri sun kawo cewa ya lura rigar ba ta yage ba, alhali an ce kerkeci ne ya cinye mai ita. A aya ta 84 idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki. A ta 94 ya ce yana jin ƙamshin Yusuf tun ayari na nesa, a ta 96 aka jefa masa rigar a fuska ya koma yana gani. 'Yan uba, riga, idanu, ƙamshi: duk suna cikin labarin Inna Hajo.

Agadas kuma daga rumbu na huɗu take. Mai karatu a Kano ko Damagaram ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da "mota ta bar shi" ke nufi a wannan hanya. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Wannan sanin ne ya sa ƙaryar 'yan uban, in ƙarya ce, ta zama mai shiga kunne. Ya kuma ɗaure zaren labarin biyu da igiya ɗaya, domin ƙishirwa ce a hamada, ƙishirwa ce a gari.

Mataki na huɗu: nemo inda aka karkace

Raba takarda gida biyu. A dama rubuta abin da ya yi daidai da tushe, a hagu abin da aka sauya. Na dama ya riga ya gama aikinsa, shi ne ya tabbatar maka akwai ishara. Na hagu shi ne sharhin.

Fara da Kusugu. A tarihihi macijin ya mutu. A nan kwaɗo kawai aka fasa, wanda ya sa shi yana nan daram a gidansa. Baƙon ya sari abin da ake gani, ya bar mai abin. A tarihihi ladan jarumi aure ne da sarauta, ruwa kuma ya zama na kowa. A nan ma an ba da lada, shadda da mabuɗi, amma ladan shi ne ya mayar da jarumin mai gadin abin da ya zo rushewa. Ka lura marubucin bai ce "an saye shi" ba, bai ce "ya ci amana" ba. Ya bar tsohon labarin ya yi maka alkawari, sannan ya karya alkawarin a gabanka. Zafin da ka ji da ka ga mabuɗi a wuyan baƙon daga Daura ya taso. Wanda bai san Bayajidda ba zai ga ɗan iska ya samu aiki. Wanda ya sani zai ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Akwai tambaya mai nauyi a ƙarƙashin wannan, wadda mai sharhi mai ƙarfin hali zai iya tayarwa: shin labarin yana cewa jaruman yanzu ba su kai na da ba, ko kuwa yana sa mu sake duban na da ɗin, mu tuna cewa shi ma baƙon Daura mulki ya samu a ƙarshe? Duka biyun suna da madafa. Irin wannan wurin ba a son gaggawar yanke hukunci.

Sai riga. A ƙissa an shafa mata jini don a ƙirƙiri shaida. A nan an wanke ta, wato an goge shaida. Dabarar ta juye, manufar ɗaya ce. Tambayar Inna Hajo, "Wa ya wanke ta?", ita ce takwarar lurar da Annabi Yakubu ya yi da rigar da ba ta yage ba. Wa ke da ruwan wanki a hamada? Me ke jikin rigar da ya sa sai an wanke? Ta yaya mota ta bar mutum, rigarsa ta biyo mota? Ba ta yi ko ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyin a fili ba, kalma huɗu ta faɗa, shirun 'yan uban ya ƙarasa. An kuma sauya uba da uwa, uwar ma mai kishiya, wadda ba ta da ikon titsiye kowa a gidan. Babban sauyi yana ƙarshe: a ƙissa ƙamshi ya zo, gani ya dawo. A nan an kai hanci, sabulu aka ji.

Yanzu haɗa isharorin biyu, domin a labari mai kyau ba sa zama kowa da ɗakinsa. Lokacin da baƙon ya yi sallama a zaure, mai karatu yana riƙe da fata biyu. Ƙissar Yusuf tana raɗa masa cewa ɗan da ya ɓata ne ya dawo, tarihihin Daura yana raɗa masa cewa mai ceton gari ne ya iso. Daren Talata ɗaya ya ɗauki duka biyun, la'asar ɗin Laraba ta zubar da su. Akwai ma ƙari. A aya ta 55 Annabi Yusuf ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, kuma da wannan matsayi ya ciyar da mutane a shekarun fari. Baƙonmu shi ma an ɗaukaka shi, an tufatar da shi, an damƙa masa taska. Layi ya ƙara tsawo.

Abin kiyayewa a nan, musamman wajen rubutawa: ishara ga ƙissar annabi ba daidaita tauraron labari da annabi ba ce. Ka ce "halin da Inna Hajo ke ciki yana tuna mana da jarrabawar Annabi Yakubu", kada ka ce "Inna Hajo ita ce Yakubu". Ladabi ne, kuma ya fi daidai ta fuskar nazari.

Mataki na biyar: bi hoto daga farkonsa zuwa ƙarshensa

Kuskuren da aka fi yi da hoto shi ne a ba shi ma'ana ɗaya a rufe: ruwa rayuwa ne, hazo baƙin ciki ne, shi ke nan. Hoto a labari tafiya yake yi. Ita kanta Suratu Yusuf ta isa darasi, don riga ta fito a wurare uku da aiki uku: shaidar ƙarya a hannun 'yan uwa, shaidar gaskiya lokacin da aka ga ta yage ta baya, sannan maganin makanta. Saboda haka duk hoton da ya zo sau biyu, tambayi abin da ya sauya tsakanin zuwan farko da na biyu.

Shinshinawar farko bincike ce, ta uwa mai neman gaskiya, kuma ta haifi tambaya. Ta biyu babu tambaya a bayanta, babu ma wanda za a tambaya. Kwaɗo ya tafi, mabuɗi ya zo, ƙarfen ya tashi daga jikin famfo ya koma wuyan mutum. Riga ma biyu ce a labarin idan ka duba da kyau: tsohuwa a ƙasan adaka, sabuwa a jikin baƙo. Ɗaya an wanke ta don a rufe baki, ɗaya an bayar da ita don a rufe baki.

Mataki na shida: gwada fassararka kafin ka yarda da ita

Wanda ya fara jin daɗin gano ishara yakan fara ganinta ko'ina. Ga gwaji. Mabuɗi shi ne alamar jam'iyyar PRP da Malam Aminu Kano ya jagoranta tun kafa ta a 1978. Shin mabuɗin wuyan baƙon habaici ne ga 'yan gwagwarmayar da suka shiga gwamnati suka yi laushi? Fassarar tana da daɗi a baki. Amma nemi mai goya mata baya a cikin labarin: babu zaɓe, babu tuta, babu taken jam'iyya, babu shekarar da aka ambata. Alama ɗaya ce tilo, kuma kwaɗo ya riga ya ba da dalilin zuwan mabuɗi. A ajiye ta. Da a ce labarin ya faru a Kano a 1979, baƙon kuma yana ta kiran talakawa, da sai a sake zama.

Wannan ya nuna amfanin sanin lokaci da wurin da aka rubuta labari. Tsintsiya a labarin 1990 tana iya nufin haɗin kai, saboda karin maganar maɗaurinki ɗaya, ko kuma aikin gida kawai. Bayan kafa jam'iyyar APC mai alamar tsintsiya a 2013, mai karatu a Najeriya zai fara jiyo siyasa a cikinta, alhali na Maraɗi ba lallai ya ji haka ba.

Ga wata kuma da ke tsaka-tsaki. Layin da "ya miƙe ya lanƙwaso", siffar maciji ce? In haka ne, labarin na cewa macijin ba Alhaji kaɗai ba ne, har da jama'ar da suka saba da jira. Wannan ta fi ta mabuɗi ƙarfi, don labarin ya riga ya kira Kusugu, an bar gurbin maciji babu kowa, kuma layin ne abin da ya ƙaru a ƙarshe. Duk da haka kalma ɗaya ce take ɗauke da ita. Irin wannan sai ka kawo ta da "ana iya cewa", ka nuna hujjar, ka bar mai karatu ya auna. Haka batun ko baƙon shi ne Sani: tsohuwar ba ta gani sosai, ta kuma kira shi "ɗan nan", amma uwar da ta gane an wanke riga da wuya ta kasa gane muryar ɗanta.

Mataki na bakwai: rubuta

Kowane sakin layi na sharhi ya ƙunshi abu huɗu, ko da ba a jere ba: kalmomin labarin kamar yadda suke, tushen da suka taɓo, abin da aka sauya, da abin da sauyin ya yi wa jigo. Misali:

"Da marubucin ya ce ba a buɗe famfon 'sai ranar Juma'a', sannan ya saukar da baƙo gidan tsohuwa da dare, ya ɗora mai karatu a kan hanyar Kusugu, inda baƙo ke kashe maciji ruwa ya wadata. Amma baƙon nan kwaɗo ya fasa, ya bar mai kwaɗon, ya kuma fito da 'mabuɗi na reto a wuyansa'. Ta haka labarin ya nuna cewa zaluncin da ya kafu ba ya faɗuwa da jarumtar dare ɗaya, yakan ma ɗauki jarumin aiki."

Kada ka cika sakin layin da sake ba da labarin Bayajidda. Jimla ɗaya ta isa, sai fa in masu karatunka ba su san shi ba. Idan jarrabawa ce, ambaci sunan adon harshen da aka yi amfani da shi, kamance ne ko siffantawa ko alamtarwa, amma a taƙaice, don makin yana wurin bayanin aikin da adon ya yi. Idan kuma sharhi ne na zauren marubuta, inda mai labarin ke nan yana karantawa, zai iya cewa shi bai nufi abin da ka gano ba. Ba sai kun yi jayayya ba. Nuna masa layukan da ka dogara da su, ka tambaye shi ko akwai wani layi a labarin da ya rushe fassarar. In ya kawo, ka gyara sakin layin. In bai kawo ba, ka bar shi yadda yake.